Kai da Madubi: Yadda Ake Zana Hoton Kai da Fenti

Hoton kaina na farko da na yi da fentin mai, sati uku na kwashe a kansa. Ina da shekara 22 a lokacin, ina yaron shagon wani mai rubuta alluna a Zariya. Da rana mu yi wa masu kanti da masu kemis aiki, ɗan abin da na samu in tara in sayi fentin nan mai zuwa a bututu kamar man goge baki. Da na gama hoton na naɗe shi a tsohuwar jarida na kai wa Inna gida. Ta goge hannunta da gefen zanenta, ta karɓa, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau, wallahi. Ɗan gidan waye?"

Na ce, "Inna, ni ne mana."

Ta dubi hoton, ta dube ni, ta ɗora yatsa a kan kumatun hoton na hagu. "To ina billenka?"

Ba da gangan na share billen ba, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Sati uku ina kallon fuskata, bille yana nan ɓaro-ɓaro tun ranar da wanzami ya yi mini shi ina jariri, amma hannuna ya bi ta kansa kamar babu. Da na koma ɗaki na jingina hoton kusa da madubi, sai sauran suka fito fili. Na rage faɗin hancina. Na ƙara wa fatata haske har na koma wankan tarwaɗa, alhali ni baƙi ne. Idona na dama da ya ɗan fi ɗayan ƙanƙanta, na daidaita shi. Saurayin da nake so 'yan birni su ɗauka ni ne, shi na zana.

Yau sama da shekara 20 ke nan, ina koyar da zane a makarantar sakandare, kuma da wuya in sa ɗalibi ya zana kansa ban ga ya yi irin abin da na yi ba. Akwai fuskar da Allah ya yi wa mutum, akwai kuma wadda yake yawo da ita a ransa, kuma ba kullum suke zama ɗaya ba. Hoton kai na zamani a wannan tazarar yake aiki. Da can babban aikin mai zanen fuska kamanni ne: sarki ko attajiri ya zauna, a fitar da shi yadda jikoki za su shaida shi. Da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Paris a 1839, sannu a hankali na'ura ta karɓe wannan aikin, cikin sauri da araha, sai masu fenti suka karkata ga abin da kyamara ba ta iyawa. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa. Za ka iya fitar da hanci da baki daidai wa daida, amma mutumin ba ya ciki.

Kafin mu shiga aiki, akwai maganar da na san tana ran mai karatu da yawa, wato hukuncin zana abu mai rai. Hadisai sun zo da gargaɗi mai nauyi a kai, malamai kuma sun yi bayani dalla-dalla. A mazhabar Malikiyya an bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da yake shafe a kan takarda ko yadi. Ka kai tambayarka wurin malamin da ka amince da shi, ka bi abin da zuciyarka ta natsu da shi. In ka zaɓi barin fuska, kada ka rufe shafin nan, akwai hanyar yin hoton kai babu fuska, zan zo kanta.

Kayan aiki

Madubi ne kan gaba. Ka samu wanda zai nuna maka kai da kafaɗu gaba ɗaya, ba ɗan ƙaramin da ake saka kwalli da shi ba. Ka gwada shi kafin ka saya: ka dubi gefen ƙofa a cikinsa kana motsa kai, in ka ga gefen yana lanƙwashewa, madubin ba shi da gaskiya, ka bar shi.

Abin da za ka yi fentin a kai kuwa, ni yadin akoko mai kauri nake saya, kafinta ya haɗa mini firam mai santimita 40 da 50, in ja yadin sosai in buga masa ƙananan ƙusoshi ta baya. Sai in dama farin gam na kafintoci da farin fentin bango mai ruwa, in shafa sau uku, kowane shafi sai ya bushe, in bi shi da samfefa a hankali. Kada ka tsallake wannan, domin yadin da ba a shafe ba yana shanye man fenti, launi ya mutu, yadin kuma ya ruɓe da tafiyar shekaru.

Launi biyar sun ishe ka: fari, rawaya mai kama da ƙasa wadda masu sayarwa ke kira oka, ja, ruwan ƙasa mai duhu da suke kira amba, da shuɗi mai zurfi, altramarin. Anders Zorn, mai zanen fuska ɗan ƙasar Suwidin, a hoton kansa na 1896 ya nuna allon haɗa launinsa da launi huɗu kacal a kai: fari, oka, ja da baƙi. Yawan launi rikita sabon hannu yake yi. Buroshi uku: babba mai faɗi, matsakaici, da siriri guda wanda ba za ka taɓa ba sai ranar ƙarshe. Ka ƙara tsumma, da kananzir da sabulu na wanke buroshi, ka kuma bar taga a buɗe saboda wari.

Akirilik ko fentin mai? Akirilik ya fi araha, da ruwa ake tsinka shi, amma da hunturu kafin ka waiwaya ya bushe a kan allo, kuma yana ƙara duhu idan ya bushe. Fentin mai yana ba ka kwanaki kana gyara, illarsa ƙura. In ka tashi daga aiki, ka juya fuskar hoton ta kalli bango, ka sa ɗan dutse a tsakani don kada ya manne. Ni mai na fi so don fuska, saboda fata tana son a haɗa launi a kanta tun yana ɗanye.

Me ya sa madubi, ga waya a aljihu

Ɗalibaina kullum sai sun yi mini wannan tambayar. Dalili na farko, waya tana canza siffa. Wani bincike da likitocin gyaran fuska suka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan kusan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. Ga shi kuma wayoyin yanzu da kansu suke goge fata, su ƙara mata haske, ko ba ka nema ba.

Dalili na biyu ya fi wannan girma. Duk wanda ya ɗaga waya, yana da fuskar da yake ɗaurawa, irin wadda ake tarbar baƙi da ita: a ɗaga gira kaɗan, a matse leɓe, a karkata kai ta ɓangaren da aka fi so. Wannan fuskar ba ta jure zama. Ka zauna gaban madubi minti 20 kana aunawa, za ka ga ta zube da kanta, kafaɗa ta sauka, baki ya saki, wata fuska ta fito wadda mutanen gidanku suka sani amma kai ba ka cika haɗuwa da ita ba. Ita muke nema.

Sai dai ka san halin madubi: yana juya hagu da dama. Vincent van Gogh ya zana kansa sama da sau 35, mafi yawa a Paris tsakanin 1886 da 1888, lokacin ba shi da kuɗin biyan wanda zai zauna masa. A Disamban 1888 a garin Arles ya yanke kunnensa na hagu, amma a hoton da ya yi a farkon 1889 da bandeji, kunnen dama ne a ɗaure, saboda abin da madubi ya nuna masa ya zana. Ba kuskure ba ne. Fuskar madubi ita ce wadda ka saba da ita tun kana yaro, sauran jama'a kuwa ɗayar suka sani.

Ka ajiye madubin yadda taga za ta kasance a gefenka guda, haske ya faɗo a rabin fuska, ɗaya rabin ya shiga inuwa. Tagar da rana ba ta shigowa kai tsaye ta fi. Ka kashe ƙwan ɗaki. Ka tsai da lokaci ɗaya kullum, ni da hantsi nake yi zuwa kafin azahar, domin hasken la'asar ja ne, zai canza maka duk abin da ka haɗa da safe. Ka zagaye ƙafafun kujerarka da alli a ƙasa. Ka rufe ido ɗaya, ka ɗiga fenti a jikin madubin daidai inda ƙarshen haɓarka yake, ka ɗiga wani daidai tsakanin girarka. Duk lokacin da ka ɗago daga hoton, ka mai da kanka kan waɗannan ɗigo biyu. In ba haka ba, za ka zana hanci daga kusurwa ɗaya, kunne daga wata.

Satin gawayi

Kada ka taɓa fenti a satin farko. Gawayin murhu mai laushi ya isa, ko fensir mai baƙi sosai, da takarda mai arha. Ka yi zane goma, kowanne minti 15, kada ka yaga ko ɗaya.

Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a kan fuskar kai ido yana da son zuciya, dole a haɗa masa da awo. Ka miƙe hannu sosai da fensir, ka rufe ido ɗaya, ka auna daga haɓa zuwa ido, sannan daga ido zuwa tsakar ka. Za ka tarar kusan ɗaya ne: idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama ba inda kowa ke sa su. Tsakanin ido da ido akwai wurin ido guda. Kunne yakan fara daga daidai gira ya ƙare daidai ƙarshen hanci. Waɗannan ma'auni ne na gama-gari, amfaninsu shi ne ka gane inda taka fuskar ta saɓa musu, domin a saɓanin nan kamanninka yake.

Ka riƙa kanne ido har sai gashin ido ya kusa haɗuwa. Ƙananan abubuwa za su ɓace, ya rage haske da duhu kawai. Siffar duhun nan za ka zana, ba ido da baki ba. Hanci ba shi da layi a gefe, inuwa ce ke fitar da shi.

Ranar bakwai ka shimfiɗa duka goman a ƙasa. Ka nemi abin da ka gyara a kowanne ba tare da ka sani ba. Sannan ka kai su wurin wanda ya san ka tun kana rarrafe, uwa ko yaya ko gwaggo, ba abokan da za su ce maka ka iya ba. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau. Ka ce, "Ina ne ba ni ba a nan?" Abin da suka nuna da yatsa, ka rubuta shi a bayan takardar.

Wa za ka nuna?

Nan ne aikin ya wuce na awo, kuma nan na fi son ɗalibi ya daɗe. Ka lura da yadda muke rubuta kalmar zane: abin da ake yi da fensir zane ne, tsagar fuska zane ce, tufar da mace ke ɗaurawa ma haka ake rubuta ta. Duka ukun suna gaya wa mai kallo daga ina mutum ya fito, kuma duka ukun suna hannunka a hoton kai.

Fara da abin da ba za ka share ba. Frida Kahlo 'yar Meziko ta yi mummunan hatsarin bas a 1925 tana da shekara 18. Tana kwance watanni, aka maƙala mata madubi a saman gado, ta fara zana wadda take gani. Daga cikin zane-zanenta kusan 143, guda 55 hoton kanta ne. Girarta a haɗe take, akwai kuma ɗan gashi a saman leɓenta, abubuwan da mai son a yaba masa zai fara gogewa, ita kuwa ta bar su a fili hoto bayan hoto. A 1939, shekarar da aurenta da Diego Rivera ya mutu, ta zana kanta biyu zaune a benci ɗaya suna riƙe da hannun juna. Ɗaya tana sanye da farar riga irin ta Turai, ɗayar da tufafin matan Tehuantepec na ƙasarta. Mahaifinta daga Jamus ya zo, mahaifiyarta 'yar ƙasa ce. Zuciyoyin biyu a waje suke, jijiya ɗaya ta haɗa su, jini yana ɗiga a farar rigar. Fuskokin ba sa kuka, ba sa murmushi. Tufafin da jijiyar su ne suke ba da labarin.

Saboda haka tufa ba ƙaramin zaɓi ba ne. Babbar riga za ka sa ko singiletin da kake kwana da ita? Hula zanna ko tsurar kai? Mayafin biki ko hijabin da kike zuwa kasuwa da shi? Kowanne gaskiya ne, amma ba magana ɗaya suke yi ba. Shawarata a hoton farko, ka sa abin da ka fi sawa in babu mai ganinka.

Sai bayan hoton. Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili, an haife ta a Inugu a 1983, ta tafi Amurka tana da shekara 16. Takan zana kanta a cikin ɗaki, wani lokaci ita da mijinta Ba'amurke, sau da yawa ma fuskarta ba ta kallon mai kallo. Amma in ka matso kusa, bango da ƙasa da tufafi, har da fatar jiki, cike suke da ƙananan hotuna da ta kwafo daga mujallun Najeriya da kundin hotunan gidansu. Jikin yana Amurka, abin da aka gina shi da shi daga gida ya zo. Kai ma ka tambayi kanka: wane bango ne nawa? Na ƙasa mai makuba, na shago mai kalanda, ko na ɗakin haya a Legas?

Wani yaro da na koyar, ya yi shekaru yana almajirci kafin a sa shi a boko, kuma ba ya son a sani. Ya zana kansa da rigar makaranta, bayan hoton fari fat. Hoton ya fita, amma shiru yake kamar na katin shaida. Na tambaye shi abin da ya fi daɗewa a hannunsa cikin kayansa. Ya yi shiru, washegari ya zo da allonsa a cikin buhu. Ya zana shi jingine a bayan kafaɗarsa, a wanke, babu rubutu, sai tabon tawadar da ta shiga katako tsawon shekaru. Bai taɓa fuskar ba ko kaɗan, amma duk wanda ya ga hoton kafin da bayan sai ya ce fuskar ta canza.

Launi da siffa ma kana da ikon juya su, in dai da dalili. Kerry James Marshall, baƙar fata ɗan Amurka, a 1980 ya yi wani ɗan ƙaramin hoto da bai wuce shafin littafi ba: baƙin mutum da baƙar hula da baƙar riga a kan bango mai duhu, ba ka ganin komai sai farin ido da haƙora da ɗan gefen farar riga. Yana magana ne a kan yadda ake kallon baƙin mutum a ƙasarsa ba a ganinsa. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne, ya yi karatun zane a Landan. Da ya koma gida ya ga mutanensa ba su damu da irin zanen da ya koyo ba, sai ya koma ga harafin Larabci da launin ƙasarsu. Hoton kansa na 1961, wanda ya danganta da wahala, doguwar fuska ce ramammiya, idanu zagaye cikin zagaye. Ba wanda zai shaida shi a hanya da wannan hoton, amma labarin zuciya a tambayi fuska, kuma wannan fuskar ta faɗi nata. A Zariyar nan ma, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a kan wannan tunanin: a karɓi dabarar Turai, a haɗa ta da fasahar gida. Abin da zan ja kunne a kai shi ne, waɗannan duka sun iya awo kafin su karya shi. Karkataccen hanci na ganganci daban, na kasawa daban, kuma mai kallo yana ganewa.

Ga wanda ya zaɓi barin fuska: a 1888 Van Gogh ya zana kujerarsa ta katako mai mazaunin ciyawa, da lofensa da ƙullin tabarsa a kai, babu kowa a zaune. Hoton yana Landan, kuma mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin hoton kansa. Takalmanka da suka ci ta gefe ɗaya, hularka a kan ƙusa, carbin da ka gada, keken ɗinkinki da tsummokin da ke ƙarƙashinsa: ka zaɓi abu uku, ka ba su haske ɗaya daga taga, ka bi duk matakan da ke ƙasa.

Fenti

Ka fara da kashe farin yadin. Ka tsinka amba da ɗan kananzir, ka shafe yadin duka, ka goge da tsumma har ya zama ruwan ƙasa mai haske. A kan fari tas kowane launin fata duhu yake yi wa ido, shi ya sa sabon hannu ke ta ƙara fari har ya mai da kansa Bature.

Da babban buroshi da amba mai ruwa-ruwa ka fitar da siffar kai da inuwoyi, kamar yadda ka yi da gawayi. Shafin farko ya zama siriri, masu kauri su biyo baya. In ka juya tsarin, fenti zai tsattsage bayan ya bushe. Sannan ka haɗa launi uku kawai na fata: na inuwa, na tsakiya, na haske. Ka shimfiɗa su manya-manya. A wannan matakin hoton zai yi muni, ka ƙyale shi.

Baƙar fata ba launi ɗaya ba ce, kuma wannan ne abin da littattafan koyon zane da yawa ba su tsaya a kai ba. Ka dubi goshinka da kyau kusa da taga: hasken da ke kai ba fari ba ne, shuɗi-shuɗi ne ko ruwan toka, saboda fatarmu tana ɗaukar launin sama kamar ruwan tafki. Kumatu da ƙarshen hanci da kunne sun fi ja. Ƙarƙashin haɓa yana ɗaukar launin rigarka. Kewayen baki da gemu ya fi sanyi, yana karkata ga shuɗi ko kore. Don inuwa mai zurfi ka haɗa amba da altramarin, za su ba ka duhu mai rai. Baƙin bututu shi kaɗai rami yake yi a fuska. Don haske kuma ka haɗa oka da ɗan ja da ɗigon shuɗi kafin ka sa fari, in ba haka ba za ka fito kamar wanda ya sha hunturu bai shafa mai ba. Farin ido ma ba fari ba ne. Ka kanne ido ka gani, ruwan toka ne mai ɗan ja, kuma sau da yawa hasken goshi ya fi shi haske.

Tsaga ko tabo, kada ka ja shi da baƙin layi. Bille kwari ne ɗan ƙarami a fata: gefen da ke kusa da taga yana cikin inuwa, gefen da ke nesa yana kama haske. Shafi biyu ne sirara kusa da juna, ɗaya ya ɗan fi fata duhu, ɗaya ya ɗan fi ta haske, sai ka bi bakinsu da busasshen buroshi su narke. Haka tabon sallah, haka ƙurajen da suka warke, haka layukan gefen ido.

Duk bayan minti 20 ka tashi ka ja baya taku huɗu. Ka ɗaga hoton ka dube shi a cikin madubi, kuskuren da idonka ya saba da shi zai yi tsalle ya fito. In wuri ya lalace, ka kankare shi da wuƙa ka sake, ya fi ka yi ta shafa fenti a kan fenti.

Wajen kwana na uku ko na huɗu akwai abin da ke faruwa wanda ba na fenti ba ne. Mutum yakan gaji da fuskarsa, ko ya ga abin da bai shirya gani ba. Shekarar da Baba ya rasu, ina tsakiyar haɗa inuwar gefen baki sai na ga bakinsa ne, yadda yake matse shi in yana lissafin kuɗin makarantarmu. Na ajiye buroshi, ban koma ba sai bayan kwana biyu. In irin wannan ta same ka, ka huta, amma in ka dawo kada ka gyara wurin. Inda hannunka ya fi matsuwa ya gyara, ka tsaya ka sake duban madubi sau uku kafin ka yarda da shi.

Siririn buroshi sai ranar ƙarshe: ɗigon haske a ƙwayar ido, bakin fatar ido, layin da ke tsakanin leɓɓa. Kada ka ƙirga gashi ɗaya-ɗaya. Ranar da ka lura gyaran da kake yi ba ya ƙara komai sai santsi, ka sa hannu, ka rubuta kwanan wata a baya.

Sannan ka sake wani baɗi. Hoto ɗaya rana ɗaya yake kamawa. Rembrandt na Holan ya zana kansa da fenti kusan sau 40, tun yana ɗan shekara 22 har zuwa 1669 da ya rasu yana da 63. A jere za ka ga saurayi mai tashe, da mai kuɗi cikin ado, da dattijon da arzikinsa ya karye a 1656 bai kuma ɓoye kumburin fuskarsa ba. Helene Schjerfbeck 'yar Finlan ta yi kusan 20 a shekarunta biyu na ƙarshe kafin rasuwarta a 1946, fuskar tana raguwa har ta koma 'yan layuka. William Utermohlen, Ba'amurke mazaunin Landan, da aka gano yana da cutar mantuwa a 1995, ya ci gaba da zana kansa har zuwa 2000, kana ganin yadda ido da hanci ke barin wurarensu.

Ni bayan kowace babbar sallah nake yin nawa, idan an yi hutu gida ya lafa. Na shekarar da ta biyo bayan wancan na farko, na sa billen, na bar hancin yadda yake, na haɗa launin fatar da amba da shuɗi. Na sake naɗewa a jarida na kai wa Inna. Ta kai shi bakin ƙofar nan dai, ta kalla, ba ta tambayi ɗan gidan waye ba. Ta shafa billen da babban yatsa, ta juyo ta kama haɓata ta karkata fuskata wajen haske.

"Kai ne. Amma a hagu aka yi maka, ina riƙe da kai aka yi. Wa ya mai da shi dama?"

Na ɗauko mata madubin da ke rataye a ɗakinta, muka tsaya gabansa mu biyu da hoton a tsakani, ina nuna mata. Ta ce in bar mata shi, ta rataye shi a saman gadonta kusa da jeren kwanoninta.